Tela da Kekensa a Titin Dass: Tsadar Mai, Karayar Hannu, da Komawa Kan Titi

Mutumin da hanyarsa

Tela ne a garin Bauchi, shekarunsa sun ɗan haura 40, yana da mata da 'ya'ya biyar. Gidansa yana bayan Yelwa, a gefen titin Dass, shagonsa kuma yana cikin gari, ba nisa da kasuwar Wunti. Tsakanin gida da shago kimanin kilomita 7 ne. Ɗinkin maza yake yi, yana da yaro ɗaya mai koyon aiki a hannunsa.

Shekara da shekaru a babur yake zirga-zirgarsa. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabin rantsar da shi. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, zuwa watan Yuli kuma ta wuce 600. Tela yana da abu biyu masu shan mai: babur da janaretan shago. Janareta ba ya baruwa, don da shi ake guga da aikin wuya in an ɗauke wuta. A watan Agusta ya sayar da babur, ya biya kuɗin makarantar yara, ya sayi keken hawa na hannu, Phoenix baƙi mai birkin ƙarfe. Ba fitila, ba madubi, ɗan jan gilashin nan na baya ma ya fashe tun a hannun mai shi na farko.

Titin da zai bi ba ya hutawa. Akwai ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) na Yelwa da na kwalejin tarayya da ke Gwallameji, akwai keke napep da babura, motocin haya masu zuwa Dass da Tafawa Ɓalewa, ga tifofi masu jigilar yashi. Ba a ware wa keke hanyarsa ba. Ƙa'idar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a awa.

Agusta zuwa Oktoba 2023: lafewa a bakin kwalta

Dabararsa ta farko ita ce ta kusan kowane mai keke: ya lafe can bakin kwalta ta hannun dama, ya bar wa masu inji titinsu. Yakan fita da ƙarfe 7:30 na safe, daidai lokacin kai yara makaranta, ya dawo bayan magariba. Tafiyar takan ci minti 35 zuwa 40.

Damina ce a lokacin. Ruwa yakan kwaso yashi ya jibge a bakin titi, ya kuma kwanta a ramuka ya ɓoye zurfinsu. Birkin ƙarfe kuwa, da zarar taya ta jiƙe, sai an daɗe ana matsawa kafin ya kama. Abin da ya fi damunsa shi ne masu napep. Fasinja na ɗaga hannu, sai direba ya wuce shi, ya sha gabansa, ya taka birki. A tsakiyar Satumba haka ta faru a kusa da kasuwar Yelwa. Ya kauce dama, tayar gaba ta nutse cikin yashi, ya kife a gefen lambatu. Gwiwa ta kurje, wando ya yage, taya ta lanƙwashe. Mai napep ya leƙo ya ce, "Sannu Malam," ya ɗauki fasinjansa ya yi gaba.

Abin da tela ya fahimta daga wannan faɗuwa shi ne cewa masifa daga baya take zuwa, inda ido ba ya gani.

Nuwamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: juya hannu

A teburin mai shayi aka ba shi shawara: ya riƙa bin ɗaya hannun, yana fuskantar motoci, duk abin da ke tafe ya gan shi. Shawarar tana da tushe, domin haka ake koya wa mai tafiya a ƙasa inda babu hanyar ƙafa. Ya ɗauka. Makonnin farko ya ji hankalinsa ya kwanta.

A watan Disamba wata mota ta fito daga gidan mai ta tokare masa tayar gaba. Direban yana kallon hagu ne, inda motoci ke zuwa, bai waiwaya dama ba don ba ya tsammanin komai daga can. Ba a ji rauni ba, sai zagi da tela ya sha, kuma ba wanda ya goya masa baya cikin masu kallo. A watan Janairu, da yamma cikin hazo, ya yi kiciɓis da wani babur da ya sauko bakin kwalta zai wuce tifa. Tsalle ya yi ya saki keken. Kafin ƙarshen Fabrairu ya koma hannunsa.

A wannan tsakanin ya gwada maganin duhu. Sanyin hunturu ya sa yana sa baƙar rigar sanyi, sai ya riƙa kunna tocilan wayarsa, ya haɗa ta da kan keke a hannun hagu. Hannun da ke riƙe da waya ba ya iya matsa birki sosai. Hasken kuma gaba yake kallo. Wanda ke bayansa ba abin da yake gani.

Maris 2024: daren hatsarin

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. Duk wanda ya san tela ya san yadda watan yake: shago cike da yadi, kowa yana son nasa kafin Sallah. Ya koma tashi daga aiki tsakanin ƙarfe 11 da 12 na dare.

A makon ƙarshe na Maris, saura kamar mako biyu Sallah, ya taso da leda a ɗaure a kariyar keke, riguna ne da matarsa za ta taya shi sa wa maɓalli. Titi ya yi sarari, masu mota na zuba gudu. Yana lafe a bakin kwalta yadda ya saba. A wani wuri mara fitilar titi, wata tifa ta lalace an bar ta rabi a kan kwalta, ba alama sai 'yan rassan itace da aka jefa dab da ita. Tocilan waya bai nuna masa ita ba sai da ya zo kusa. Ya karkata hagu zai kewaye ta, bai waiwaya ba. A daidai lokacin wata ƙaramar mota tana bayansa, wata kuma tana zuwa daga gaba da babbar fitila a kunne. Madubin motar baya ya daki gwiwar hannunsa da kan keken. Ya faɗi, ya tare da tafin hannun dama, goshinsa ya bugi kwalta ya tsage.

Direban, matashi ne, ya tsaya, jikinsa na rawa. "Don Allah Malam ka yi haƙuri, wallahi ban gan ka ba," abin da yake ta maimaitawa ke nan. Ba wanda ya auna gudunsa, amma motar ta yi nisa kafin ta tsaya. Jama'a suka taru, aka yi ta "Tsautsayi ne," "Allah ya tsare gaba." Ba a kira lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra, 122, ba. Ba a kai rahoto wajen 'yan sanda ba. Ba a nemi mai tifa ba.

Ƙarshen Maris zuwa Yuni 2024: jinya da sulhu

A daren aka ɗinke goshin a wani ƙaramin asibiti, hannun kuma aka ce na mai ɗori ne. Mai ɗori ya ja, ya murza, ya jera karare ya ɗaure tam. Washegari manyan direban suka zo gida. Suka biya kuɗin ɗori, suka ba da na gyaran keke, tela ya ce ya yafe duniya da lahira, watan azumi ne. Aka shafa fatiha.

A rana ta uku yatsunsa suka kumbura, suka yi sanyi, launinsu ya fara sauyawa, in an taɓa ba ya ji sosai, zugi kuma ya hana shi barci. Mutanen gida suna cewa ɗori ne yake kamawa. Ƙanin matarsa, ma'aikacin jinya ne, ya zo dubiya, ya kama yatsun ya matsa farce ya ga jini ba ya dawowa da wuri. Ya ce, "Yaya, wannan ɗaurin yau za a kwance shi, ba gobe ba." Ɗaurin da ya matse hannu mai kumburi yana tare hanyar jini, in aka bar shi nama yakan mutu, kuma ta wannan hanyar mutane da dama suka rasa hannu ko ƙafa.

Aka kai shi asibiti, hoto ya nuna ƙashi ya karye dab da tsintsiyar hannu, kuma ya goce. Aka jira kumburi ya sauka, aka mayar da shi wurinsa, aka sa siminti na mako 6. A tsakiyar Mayu aka cire. Sai da ya ƙara kusan wata guda yana motsa hannun kafin ya iya riƙe almakashi ya yanka shadda.

Sallah ta kama ranar 10 ga Afrilu, shagonsa kusan a rufe. Yaronsa ɗinkin miƙe kawai ya iya. Kaya fiye da saiti 30 ne a ƙasa. Wasu aka raba wa teloli biyu maƙwabta, wasu aka mayar wa masu su da yadinsu da kafin alƙalaminsu. Akwai waɗanda ba su sake dawowa ba. Kuɗin hoto da siminti da magani daga aljihunsa suka fita, don ya riga ya yafe, ya kuma ji nauyin sake aikawa. Motar da ta buge shi tana da takardar inshorar nan ta dole, wadda aka ƙara kuɗinta zuwa naira 15,000 a shekara tun Janairun 2023, kuma an yi ta ne don biyan wanda mota ta ji wa rauni. Ba wanda ya tayar da maganar.

Yuni zuwa Yuli 2024: napep, sannan keke kuma

Matarsa ta roƙe shi ya bar keke, ya bari. Ya koma hawan napep, mota biyu zuwa, biyu dawowa. Bayan Babbar Sallah, wadda ta kama 16 ga Yuni, kasuwar ɗinki ta yi sanyi kamar kullum, ya zauna ya yi lissafi ya ga kuɗin mota na cin na cefane. A watan Yuli ya fito da keken, amma kafin ya hau sai da ya yini wajen wani dattijo mai gyaran keke, wanda shi ma a keke yake yawonsa.

An sauya robar birki gaba da baya. An ɗaura madubin babur a hagu. Ya sayi 'yan fitilu biyu masu caji, fara a gaba, ja a baya, yana cajinsu a shago in an tayar da janareta.

Sauran aikin na sana'arsa ne. Ya samo ƙyallen nan mai ƙyalli da ake sa wa rigunan ma'aikatan titi, ya yanka wata 'yar shara mai ruwan ɗorawa, ya ɗinka layi biyu a baya, ɗaya a kowace kafaɗa. Ragowar ya yi maɗauri biyu na idon sawu, waɗanda kuma suke hana ƙafar wando shiga kaca. Da dare ya sa yaronsa ya hau keken a layinsu, wani maƙwabci ya haska da fitilar babur, shi kuma ya tsaya yana ƙirga falwaya. Da baƙar rigar sanyi, yaron ya ɓace kafin falwaya ta biyu. Da 'yar shara da maɗauran ƙafa, har ya wuce ta biyar ana ganin ɗigo biyu suna hawa suna sauka. Wannan motsin ƙafa shi ke gaya wa direba tun daga nesa cewa mutum ne a kan keke, ba allon talla ba.

Ya sauya hanya. Ya bi lungu-lungu ya haɗa wata ta cikin unguwanni, tsawonta kimanin kilomita 8 da rabi, wadda ƙasa da kilomita 2 ne kawai a kan babban titi. Tana cin minti 45 zuwa 50, da damina akwai taɓo, akwai yara da awaki. Ya sauya lokaci: fita da ƙarfe 6:15, kafin titi ya cika, dawowa kafin magariba.

A kan babban titin kuma dattijon ya ba shi ƙa'idoji. Ya bar kamar mita ɗaya tsakaninsa da bakin kwalta, ya riƙe layi guda. In zai kewaye abu, ya duba madubi, ya waiwaya, ya miƙa hannu tun da nisa. Kada ya kuskura ya kutsa ta damar tifa ko tirela a mahaɗa, domin direba ba ya ganin wurin, kuma in zai yi kwana tayoyin baya ciki suke shigowa. In ya zo shataletale mai cunkoso, ya sauka ya tura.

Akwai abin da bai ɗore ba. Hular kwanon babur da ya aro ta yi nauyi, ta yi zafi, tana toshe masa kunne, cikin mako biyu ya ajiye ta, kuma bai sami ta keke ba. Ƙararrawa ba a jin ta a cikin mota mai gilashi a rufe. Mita ɗayan nan kuma ta jawo masa hon da "Kai mai keke, sauka mana!" kusan kullum.

Agusta 2024 zuwa Afrilu 2025: abin da aka gani

A waɗannan watanni mota ba ta taɓa shi ba. Sau biyu ya tsallake rijiya da baya: wani ya buɗe ƙofar motarsa ba tare da dubawa ba, ƙofar ta wuce shi da kaɗan saboda tazarar da ya bari, wani babur kuma ya biyo hannun da ba nasa ba. Sau ɗaya ya zame a taɓo cikin lungu, bai ji ciwo ba. A watan Oktoba lita ta haura naira 1,000, maganar sake sayen babur ta mutu.

Azumin 2025 ya kama 1 ga Maris. A kwana goman ƙarshe ya shimfiɗa tabarma a shago, yana kwana can, yana komawa gida da hantsi. Aka yi Sallah ranar 30 ga Maris, ya sallami kowa. Hannun yana zugi in an yi sanyi, kuma ba ya lanƙwasuwa baya kamar da. Wasu masu keke biyu a layinsu sun kawo ya ɗinka musu irin rigarsa.

Nazari

Mutum ɗaya ne, watanni tara ne, don haka ba za a kafa doka da shi ba. Amma dalilan a fili suke.

Lafewa a bakin kwalta, wadda ta yi kama da ladabi da taka-tsantsan, ita ce ta haifi faɗuwar Satumba da karayar Maris. A can yashi yake, a can ake ajiye matattun motoci, a can napep ke tsayawa. Mai keken da ya lafe dole wata rana ya kauce ba shiri, kuma direban da ke bayansa ya riga ya cire shi daga lissafi, ya wuce ba tare da rage gudu ba. Juya hannu kuwa gudun gara ne aka faɗa gidan zago. In mota na gudun 50, keke na 15, suna hanya ɗaya, bambancinsu 35 ne. In suna fuskantar juna, 65 ne.

Cikin abubuwan da suka yi aiki, a ganina sauya hanya da lokaci su ne kan gaba, domin sun rage zaman da yake yi kusa da manyan motoci masu gudu daga kilomita 7 zuwa ƙasa da 2, sun kuma fitar da shi daga dare. Haske ya biyo baya. Motar da ke gudun 50 tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda, mai gudun 80 tana cin mita 22. Direban da bai hango mutum ba sai a falwaya ta biyu daƙiƙoƙi kaɗan ne suka rage masa ya taka birki. Rashin hular kwano har yau giɓi ne, tabon goshinsa shaida ne.

Daren hatsarin laifi ya rabu gida huɗu: mai tifa, mai babbar fitila, direba mai gudu, da tela mara haske da bai waiwaya ba. Ƙashin mutum ɗaya ne ya karye. Wannan rashin daidaito shi ne ya sa ban yarda a ɗora wa mai keke dukkan nauyin tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babura. Wanda ke riƙe da sitiyari shi ke riƙe da abin da ke kisa; rage gudu da ba da tazara aikinsa ne, ko da mai keken ya yi kuskure.

Yafiya abu ne mai kyau, ba na ƙin ta. Sai dai an yi ta kafin a san girman raunin, kuma ta rufe ƙofa biyu. Inshorar da aka riga aka biya ba ta biya kowa ba. Hatsarin kuma bai shiga littafin kowace hukuma ba, don haka a takarda wannan wurin lafiya lau yake. Ana iya yafe wa mutum, a kuma rubuta rahoto. Haka ma ɗori: da hoto aka fara, da an kauce wa kwana ukun da suka kusa cin hannun tela. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, mutane da yawa ba su san haka ba.

A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su hau keke, har wata bas ta tura shi cikin rami a Abuja yana kan hanyar zuwa taron majalisar zartarwa. Tun 2018 ake bikin ranar keke ta duniya kowace 3 ga Yuni. Kira da biki ba su hau da kowa keke ba. Tsadar mai ce ta yi, kuma titin da mutanen suka tarar ba a shirya musu shi ba. Abin da zai taimaki irin wannan tela bai kai kuɗin gada ba: a janye motar da ta lalace daga kan kwalta kafin dare, ko a tilasta sa mata alama mai ƙyalli da nisa; a kwashe yashin bakin titi bayan damina; a gyara fitilun titi; a ware wa napep wurin tsayawa; a tsare gudun 50 har da dare; inda titi ke da faɗi a ja layi a bar wa keke.

A kilomita biyun da suka rage masa, ba ɗaya daga cikin waɗannan da yake hannunsa. Babban ɗansa ya shiga sakandare, ya nemi a saya masa keke don kuɗin napep ya yi yawa. Makarantar tana tsallaken babban titin, kuma uban bai amince ba tukuna.